Injin Huda Mai Batir: Abin Lura Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi Kafin Ya Fitar Da Kuɗinsa

 A wannan wata filin namu zai leƙa shagunan kayan gini ne, waɗanda a nan Kamaru muka fi sani da sunansu na Faransanci, wato quincaillerie, domin mu duba wani ƙarfe da ya soma shiga gidajenmu sosai a 'yan shekarun nan. Wannan ƙarfe kuwa shi ne injin huda mai aiki da batir, wanda masu shago suke kira perceuse sans fil.

Duk magidancin da ke zaune a Garwa, ko a Hausare yake ko a Fulɓere, ko Yalwa, ko Rumde Ajiya, ya san irin ƙananan gyare-gyaren da gida ba ya rabuwa da su. Yau ƙarfen da ke riƙe da ƙyauren ƙofa ya saki, gobe uwargida tana son a kafa mata sandar labule ko kanta a ɗakin girki, jibi iskar farkon damina ta ɗaga kwano guda daga rufi. Aiki ne na minti goma, amma kafinta ba zai bar babban aikin da ke gabansa ya taso dominsa ba, in ma ya zo sai an biya kuɗin babur da na aiki. Wannan ne ya sa mutane da dama suke sha'awar mallakar injin nasu na kansu.

To amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Kasuwa ta cika da irin waɗannan injuna kala-kala, kowanne cikin akwatinsa na roba mai ƙyalli, an rubuta masa manyan lambobi a jiki. Mutum zai tara kuɗi na wata da watanni, ya je ya ɗauko wanda ya fi araha, kafin a ci wata uku batir ya daina riƙe wuta, a zagaye kasuwa kaf a rasa irinsa, inji ya koma abin wasan yara. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Sai dai kuma ba kowace tsada ba ce alamar nagarta. Saboda haka muka ga ya dace mu warware wa mai karatu abubuwan da ya kamata ya duba, domin kada guminsa ya tafi a banza.

Taƙaitaccen tarihi

Injin huda na lantarki da ake riƙewa a hannu ya samo asali ne daga kamfanin Fein da ke birnin Stuttgart na ƙasar Jamus a shekarar 1895. Wanda ba shi da waya kuwa, kamfanin Black & Decker na Amurka ne ya fara fito da shi a 1961. Batiran wancan zamani na nikel da kadmiyom ne, waɗanda ake rubuta wa NiCd a jiki, ga nauyi ga saurin ƙarewa. Abin da ya sauya al'amarin shi ne batirin litiyom, irin wanda ke cikin wayoyinmu na hannu, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991. Kamfanin Bosch ya sa shi cikin wata 'yar ƙaramar na'urar ɗaure sukuru a 2003, daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Da masana'antun ƙasar Sin suka shiga harkar, sai farashi ya sauko har talaka ya iya kai hannu.

Shin ma kana bukatarsa?

Wannan ita ce tambaya ta farko, kuma mai shago ba zai yi maka ita ba. Injin huda mai waya, wanda ake jona wa wutar bango, ya fi mai batir araha, kuma a kuɗi ɗaya ya fi shi ƙarfi. Ba shi da batirin da zai mutu yana ajiye, ko shekara ya yi a akwati ana jona shi zai tashi. In dai abin da mutum zai yi bai wuce huda bango sau biyu ko uku a shekara ba, to mai waya ya ishe shi, ko ma ya ara wurin maƙwabci.

Amma mu mutanen arewa mun san halin da wutar lantarki take ciki. Jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa sun daɗe suna dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gina da taimakon ƙasar Sin daga 1977 zuwa 1982, mai injuna huɗu da za su iya ba da megawat 72 idan ruwa ya cika. Idan ruwa ya ja baya wuta ma sai ta ja baya, kamar yadda muka gani a 2020 da 2021 lokacin da aka riƙa raba wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar da aka ƙaddamar a 2023 sun kawo sauƙi, amma duk da haka ba wanda zai rantse cewa ran Lahadin da ya ware domin gyaran gida zai sami wuta daga safe har yamma. Daɗin daɗawa, akwai ayyukan da waya ba ta kaiwa, kamar kan rufi, ko rumfar kasuwa, ko garken dabbobi, ko gona, ko sabon fili da ba a kai ga ja masa wuta ba. Haka kuma wajen ɗaure sukuru da kwance shi, mai batir ya fi daɗin sarrafawa nesa ba kusa ba. Wanda ayyukansa suka faɗa cikin waɗannan, to shi ne ya kamata ya ci gaba da wannan lissafi.

Batir shi ne rabin cinikin

Wanda ya sayi wannan inji, batir ya saya, injin rakiya ya yi. Shi injin in an kula da shi yakan yi shekaru masu yawa, amma batir yana da wa'adi, ko ana aiki da shi ko ba a yi. Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin inji, fara tambayar kuɗin batirinsa shi kaɗai, kuma ka ce a nuna maka shi a kan kanta. Idan mai shago ya ce sai an aiko daga Duwala, to ka san cewa ranar da naka ya mutu haka za a faɗa maka.

Dalili kuwa shi ne galibi kowane kamfani da irin mazaunin batirinsa. Na Makita ba ya shiga DeWalt, na DeWalt ba ya shiga Ingco ko Total. Kai, ko a cikin kamfani ɗaya ma akan sami bambanci, domin injunan Bosch masu launin kore na aikin gida ne, masu launin shuɗi na masu sana'a, kuma batiransu na volt 18 ba sa musaya. Amfanin da ke cikin wannan tsari shi ne, wanda ya tsaya a kan kamfani ɗaya, in ya tashi sayen zarto ko fitila ko injin yankan ƙarfe nan gaba, zai iya sayen na'urar kawai ba tare da batir ba, ya riƙa amfani da wanda yake da shi. Don haka a zaɓi kamfanin da kayansa suke a shaguna fiye da ɗaya a cikin gari, wanda kuma in an je Marwa ko Ngaundere za a same shi.

Shawararmu ita ce a sayi mai batir biyu, ko da ƙanana ne, maimakon mai babba guda ɗaya. Ana aiki da ɗaya, ɗayan yana caji ko yana hucewa. Ranar da ɗaya ya mutu kuma aiki bai tsaya ba.

Lambobin da ke jikin kwali

A nan ne ake yi wa mai saye rufa-ido, don haka sai a natsu. A cikin kowane batir akwai ƙananan ƙwayoyi da aka jera. Kowace ƙwayar litiyom tana ba da volt 3.6 a lokacin aiki, in an cika ta fal kuma tana kaiwa 4 zuwa 4.2. Ƙwaya biyar ke nan suke ba da volt 18. Wani kamfani zai rubuta 18, wani ya rubuta 20, wani ma 21, alhali duk ƙwaya biyar ɗin nan ce, kowa da inda ya tsaya ya yi awonsa. Haka nan mai ƙwaya uku, wani ya kira shi 10.8, wani ya kira shi 12. Saboda haka kada wani ya karɓi ƙarin kuɗinka da sunan wai 20 ta fi 18.

Idan kuwa ka ga ɗan ƙaramin batir an rubuta masa 48 ko 88 ko fiye da haka, to ka san wannan lamba ado ce kawai. Kafin a sami volt 88 sai an jera ƙwaya 21, waɗanda nauyinsu kaɗai ya doshi kilo guda. Wanda ya yi maka ƙarya a jikin kwali kuwa, ba a san abin da ya zuba a ciki ba.

Lamba ta biyu ita ce mai harufan Ah, wadda ke nuna yawan wutar da batir zai iya ɗauka, kamar dai girman tankin babur. Mai Ah 1.5 ko 2 ya isa aikin gida, mai 4 ko 5 na wanda zai wuni yana aiki ne. Nan ma akwai hanyar gane gaskiya. Ƙwayar da aka fi amfani da ita, mai lamba 18650, nauyinta kusan gram 45 ne, kuma galibi ba ta wuce Ah 3.5. Batirin volt 18 mai Ah 2 na gaskiya yakan kai gram 350 zuwa 400, mai Ah 4 ko 5 kuma, wanda galibi ƙwaya goma ce a cikinsa, yakan kai wajen gram 600. Tun da yake kusan kowane shagon kayan gini yana da sikelin awon ƙusa, sai ka roƙi arziki a ɗora maka batirin a kai. Wanda aka rubuta wa Ah 6 amma ya tashi sakayau kamar kwalin ashana, ai ba sai an faɗa maka ba.

Lamba ta uku ita ce ƙarfin murɗa, mai harufan Nm. Injin volt 12 mai kyau yakan ba da kusan 30, na volt 18 kuma 40 zuwa 60. Ga katako da kwano da haɗa gado ko kabad, 30 ta wadatar, kuma ƙaramin injin ya fi sauƙin riƙewa ga mata da dattawa. Wanda zai taɓa bulo da ƙarfe mai kauri sai ya nemi na 18.

Sauran abubuwan dubawa

Bakin injin, inda ake cusa tsinken huda, iri biyu ne: mai buɗewa har milimita 10 da mai kaiwa 13. Na 10 ya isa yawancin aikin gida. A nemi wanda ake ɗaurewa da hannu ba sai da makulli ba, domin makullin nan ɓata yake yi.

A tabbata yana da giya biyu. Ta ɗaya a hankali take juyawa amma da ƙarfi, kamar juyi 400 a minti, ita ce ta sukuru da ta huda ƙarfe. Ta biyu tana kaiwa juyi 1,500 ko fiye, ita ce ta ƙananan ramuka a katako. Sannan akwai zobe mai lambobi a wuyan injin, wanda ke sa ya saki idan sukuru ya gama shiga, don kada ya tsaga katako ko ya cinye kan sukurun. Kunamarsa kuma ta zama mai bin yatsa, in an danna kaɗan ya juya a hankali, in an ƙara ya ƙara gudu.

Akwai kuma zancen gawayi, wato abin da makanikai ke kira charbon. Tsohon tsarin inji yana da wasu 'yan gawayi biyu da ke gogar abin da ke juyawa a ciki, suna cinyewa a hankali. Sabon tsari ba shi da su, ba ya zafi sosai, ba ya cin batir da yawa, amma ya fi tsada, kuma in allon lantarkinsa ya ƙone gyaransa sai an sha wuya. Ga mai aikin gida wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, mai gawayi na kamfanin kirki ya fi marar gawayi na kamfanin da ba a san asalinsa ba.

Wane irin bango gare ka?

Gidajenmu ba iri ɗaya ba ne, kuma bango shi ne ke yanke hukuncin irin injin da za a saya. Bangon laka ko na tubalin ƙasa ba ya bukatar wani ƙarfi, matsalarsa ita ce ba ya riƙe sukuru, gara a kafa turken katako mai tsawo a ciki sannan a ɗaura a kansa. Bangon bulon siminti, wanda ake kira parpaing, shi ne yake son inji mai duka, wato mai hoton guduma a jikin zoben wuyansa, wanda yake juyawa yana bugawa. Bambancin kuɗinsa da marar guduma ba shi da yawa, kuma ga wanda ke zaune a gidan bulo ya cancanci a biya. Sai dai a tuna cewa bulo cikinsa rami ne, in aka danna da ƙarfi sai ya fashe ta ciki, robar da ake cusawa ta riƙe sukuru, wadda masu shago ke kira cheville, ta rasa abin kamawa. A fara a hankali, kuma a daidaita lamba: roba mai lamba 6 da tsinke mai lamba 6, mai 8 da mai 8.

Ginshiƙin kankare da dakalin saman ƙofa da dutse kuwa, waɗannan sun fi ƙarfin ƙaramin inji mai batir. Aikin babban inji ne da ake kira perforateur, mai irin bakin nan na SDS da Bosch ya fito da shi a 1975. Wanda ya nace da ƙaramin zai ƙona tsinke, ya ƙona inji, ramin kuma bai samu ba. A ɗauko haya na rana ɗaya ko a kira mai shi. A kan tayil kuma kada a kuskura a sa guduma, domin nan take zai tsage.

Tsinkayen huda ma, waɗanda ake kira mèche, kowanne da aikinsa. Na ƙarfe ana rubuta masa HSS, na katako yana da ɗan tsini a tsakiyar bakinsa, na bango kuma yana da faffaɗan kai mai tauri. Waɗanda ake zubowa kyauta a cikin akwati sau da yawa ba su da ƙwari. Tsinke mai kaifi a kan matsakaicin inji ya fi dakusasshe a kan inji mai tsada. Wajen huda ƙarfe a fara yin ɗan alama da ƙusa, a tafi a giya ta ɗaya, a ɗiga ɗan baƙin mai.

Sabo, gwanjo da jabu

Kayan da ke shigowa Garwa hanya biyu suka fi biyowa. Wasu daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, su hau jirgin ƙasa ko mota zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, sannan manyan motoci su ƙaraso da su kusan kilomita 280. Wasu kuma daga Najeriya ta wajen Yola da Mubi. Bayan faɗuwar darajar naira a 2023, mai riƙe da sefa ya ga kayan ƙetaren iyaka sun yi masa sauƙi. Ƙarfin wutar ƙasashen biyu ya yi daidai, sai dai kan cajar Najeriya mai ƙafa uku ne masu faɗi, namu kuma mai ƙafa biyu zagayayyu, don haka sai an nemi mahaɗi. Abin tunawa shi ne, in kaya ya ba da matsala, mayar da shi ƙetaren iyaka ya fi kuɗinsa tsada.

Cajar da za a guje wa ita ce ta Amurka. Wutarmu volt 220 ce, tasu kuwa 120. A juya bayan caja a karanta: in an rubuta 220-240 ko 100-240, lafiya lau. In 120 kaɗai aka rubuta, ana jona ta za ta ƙone.

Game da kayan gwanjo na Turai da ake samu a shagunan brocante, akan dace da inji mai ƙwari ƙwarai. Amma a duba batirinsa. Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin injunan hannu masu batirin NiCd kasuwanninta tun ƙarshen 2016, don haka duk wanda ka gani da wannan rubutu ya doshi shekara goma ko ya wuce, kuma da wuya a sami sabon batirinsa. Akwai masu gyara da ke buɗe batirin litiyom su sauya masa ƙwayoyi, kuma in an sami gwani aikin yana kyau. Sai dai wasu tsofaffin ƙwayoyin kwamfutar hannu suke zubawa, waɗanda ba a yi su domin jan wuta mai yawa a lokaci guda ba, sai su yi zafi su mutu da wuri. A tambayi irin ƙwayar da za a sa kafin a biya.

Jabu kuwa, farashinsa ne yake fara tona masa asiri. Darajar sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Misali, injin da ake sayarwa yuro 100 a Faransa ya kama sefa 65,600 ke nan tun bai hau jirgin ruwa ba, ban da kwastan da harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari da kuɗin mota da ribar ɗan kasuwa. To in wani ya miƙo maka shi sabo dal a kan sefa 20,000, ai ka san launi da suna kawai ya sayar maka. A duba harufan sunan da kyau, domin sau da yawa harafi ɗaya ake sauyawa. A duba ko akwai lambar inji da takardar bayani. Gara ka sayi na ƙaramin kamfani mai amsa sunansa da ka sayi jabun babba.

Masu zuwa Dubai ko aikin Hajji da ke son sayowa su sani cewa dokar jiragen sama ba ta yarda a sa batirin litiyom da ba ya jikin na'ura a cikin babbar jakar da ake aunawa ba, sai a jakar hannu, kuma wanda ya wuce Wh 100 sai da izinin kamfanin jirgi. Lissafin kuwa shi ne volt sau Ah: batirin 18 mai Ah 5 ya zama Wh 90.

Gwaji kafin biya

Kada kunya ta hana ka gwadawa a gaban mai shago. Ka ce a sa dogon tsinke, ka danna kunama a hankali kana kallon bakinsa. In yana rawa, to ƙarfen ciki a karkace yake. Ka gwada gaba da baya, giya ta ɗaya da ta biyu. Ka saki kunama ka ga ko ya tsaya cak. Ka sansana ko akwai ƙauri. Ka girgiza shi ka ji ko batir yana motsi a mazauninsa. Ka sa a jona caja ka ga fitilarta ta kama da kowane ɗaya daga batiran biyu. Daga nan a rubuta maka rasit mai ɗauke da sunan inji da lambarsa da kwanakin da aka yarda za ka iya dawo da shi. Alkawarin baka ba ya tsayawa a gaban kowa.

Zafi da ƙura

Mai karatu ya san zafin Garwa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da awo ke kaiwa digiri 40 har ya wuce. Zafi kuwa shi ne babban abokin gabar batirin litiyom. Yawancin kamfanoni suna gargaɗin kada a yi caji idan zafi ya haura digiri 40 zuwa 45, ɗaki mai rufin kwano da babu silin kuma yakan wuce haka da tsakar rana. Saboda haka a riƙa yin caji da sassafe bayan sallar asuba, ko da dare kafin a kwanta, a kan daɓen siminti, ba a kan katifa ko tabarma ba. Batirin da aka gama aiki da shi a bar shi ya huce tukuna. Kada a bar shi cikin mota ko akwatin babur a rana. In an ɗauke wuta a zare caja, domin dawowar wuta da ƙarfi tana ƙona kaya. In za a ajiye shi na tsawon lokaci, a bar shi da kusan rabin caji, a riƙa leƙa shi duk bayan wata biyu ko uku. Da hunturu kuma a riƙa kaɗe ƙura daga ramukan shan iskar injin, a mayar da shi akwatinsa.

Batirin da ya kumbura, ko ya fashe, ko yake wari, a fitar da shi daga ɗaki nan da nan, domin yana iya kamawa da wuta. Kada a zuba batir a jaka ɗaya da ƙusoshi. Kada kuma a jefa mataccen batir a bolar da ake cinna wa wuta.

Tsare lafiya

Inji ne ƙarami, amma ba a raina shi. Wayoyin wuta da aka binne a bango galibi suna tafiya ne a miƙe, sama ko ƙasa ko gefe, daga makunni da wurin jona kaya, don haka a kauce wa waɗannan layuka, in ana shakka a kashe wutar gidan gaba ɗaya. A naɗe hannun riga, kada a yi aiki da babbar riga ko mayafi ko rawani mai lilo, domin in baki mai juyawa ya kama tufa ba ya saki. A sa tabarau. Kwano ko ƙaramin ƙarfe a danne shi da kyau kafin a huda, in ba haka ba zai juya ya yanki hannu. In an gama a cire batir a ajiye inda yara ba za su kai ba. Mai zaman haya kuma ya nemi izinin mai gida kafin ya taɓa bango, don gudun rigima ranar tashi.

Yadda za a raba kuɗin

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba duk abin da ke aljihu a kan inji. A ce mutum ya tanadi sefa 50,000. To ya ware kashi ɗaya cikin biyar, wato 10,000, domin tsinkayen kirki na bango masu lamba 6 da 8, da 'yan na ƙarfe da na katako, da kawunan ɗaure sukuru masu lamba PH2 da PZ2, da roba da tabarau. Sauran ya nemi inji da su. In abin da ya rage bai kai kuɗin mai batir na gaskiya ba, to ya sayi mai waya, ko ya ƙara haƙuri ya shiga adashi. Wata hanyar kuma ita ce 'yan uwa ko maƙwabta uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi mai kyau guda ɗaya, amma tun farko a yi magana a kan wanda zai riƙe shi da yadda za a biya kuɗin sabon batir, don kada abin alheri ya raba zumunci.

Ga matasanmu masu kafa farantan hasken rana da faifan tauraron ɗan'adam da ƙofofin alminiyom, lissafinsu daban ne, domin su injin jari ne. Su ya kamata su daure su sayi marar gawayi mai batir biyu manya, tun da aiki ne zai mayar musu da kuɗinsu.

A taƙaice dai, ga magidanci mai gidan bulo: injin litiyom na volt 18, mai giya biyu da guduma, da batir biyu na Ah 2, na kamfanin da ake samun batirinsa a gari, da rasit a hannu. Ga mai aikin katako da kwano kawai, na volt 12 ya wadatar. Masu sana'ar kafinta da walda da gyaran batir da ke da ƙarin bayani, ƙofar wannan fili a buɗe take gare su. Allah ya sa wa nema albarka, ya kare mu daga asara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.